Ranar da Aka Auna Sa Ran Goggo Mbarka

Goggo Mbarka, ƙanwar babana, kifi take gyarawa a kasuwar Zarzis, a bakin tekun Tunisiya, tun kafin a haife ni. Ɗanta ɗaya, Lotfi. Shekara tara ke nan da ya shiga kwalekwale da wasu samari ashirin da shida, za su Italiya. Ba gawa, ba waya.

Goggo ba ta zauna kuka ba. Gida-gida ta bi ta haɗa iyayen yaran, ta karɓi hotunansu. Matar da ko firamare ba ta gama ba, ta koyi Italiyanci a bakin wani tsohon masunci don ta riƙa kiran asibitoci da gidajen yari. A shekara ta huɗu ta gano kabarin Hichem, ɗan maƙwabciyarta da suka tafi tare da Lotfi, a wani tsibiri. Ita ta sa aka rubuta masa suna a kan kabarin.

Bara wasu masu bincike suka zo gidan Goggo daga wata jami'a, wai suna nazarin sa rai a zukatan iyayen ɓatattu. Ina wurin. Wani mai tabarau ya buɗe takarda.

"Inna, daga ɗaya zuwa takwas, maki nawa za ki ba sa ranki?"

"Ɗan nan, kifi ake ɗorawa a sikeli."

"Lamba kawai za ki faɗa, Inna."

"To rubuta takwas ran Litinin. Ran Juma'a, in na ga samari suna fitowa daga masallaci, rubuta sifili."

Ya ce takardar ba ta da gurbin wannan. Ya rubuta huɗu.

Da rahotonsu ya fito, ni na karanta mata. Wai sa ranta ciwo ne, ta ƙi karɓar gaskiya, a kai ta wurin likita. Minti arba'in fa suka yi a gidan! Ko sunan Lotfi ba wanda ya tambaya.

"Ni na ƙi gaskiya?" Goggo ta miƙe tsaye. "Su kawo min ita mana! Su kawo min gawarsa, yau zan yi masa sutura."

Washegari ta hau mota har Tunis, ta zube hotunan yaran a teburin shugaban masu binciken, ta sa shi ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ta haƙuri, amma ko harafi ba a gyara a rahoton ba. Wata Dakta Emna ce kaɗai a cikinsu ta biyo ta har tasha, kuma ita ke rubuta mata wasiƙun cigiya yanzu. Lotfi dai har yau shiru.