Rago A Cikin Lanshi

Ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, mun taɓa mallakar lanshi a Jidda, wajen farkon shekarun saba'in. Lanshi ɗan ƙaramin jirgin katako ne mai inji a tsakiya. Namu tsoho ne tun kafin ya zo hannunmu. Kawu makanike ne a unguwar Karantina, ni kuma tela, da aurena da 'yata. Shi ya tayar da injin, ni na ɗinka rumfa da rigunan kujeru.

Masu irin waɗannan jiragen suna da taron da suke yi a Abhur, wani mashigin teku a arewacin Jidda, yawancinsu 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Kawu ya daɗe yana son a kira shi. Da aka kira shi kuwa, sai ya sa na ɗinka masa sabon tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya sha turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Mun isa da hantsi, iskar arewa ta riga ta tashi. Jiragen na jere a bakin ruwa, katakonsu na sheƙi. Shugaban taron, wani mai tumbi da ke sayar da kayan gini, ya tarbe mu hannu biyu, yana kiran Kawu usta, kamar yadda suke kiran mai aikin hannu.

"Ahlan, ya usta! Jirginka ya fi faɗin ciki. Kai za ka ɗauko mana rago da tukwane."

An shirya za a fita teku, a sauka a wani tudun rairayi, a yanka rago, a dafa shinkafa. Babu wanda ya so rago ya taka masa kujera. Na kalli Kawu, ya ce, "Ba komai, ɗana, ai girmamawa ce."

Aka ɗora mana rago da ransa, da tukwane, da buhun shinkafa, da gwangwanin man shanu. Sauran suka tayar da injuna suka wuce mu, suna ɗaga hannu.

Cikin mashigin ruwan lafiya lau. Muna fita bakin teku abin ya canza. Ruwan ya yi duhu, igiyoyi na zuwa ɗaya bayan ɗaya da farin kumfa a kansu. Kawu ya riƙe sitiyari, ya ce in zauna ƙasa in danne ragon.

"Kada dai igiya ta doke mu ta gefe," in ji shi. Yana tarar kowace igiya da kafaɗar jirgin, ya rage wuta idan mun hau, ya ƙara kaɗan idan mun gangara. Duk da haka wani lokaci gaban jirgin ya faɗo tim, har haƙorana su haɗu.

Ragon ya firgita. Ya fara da fitsari, sannan zawo. Gwangwanin man shanu ya kife, murfin ya fita. Ruwan da ke fantsamo mana ya haɗu da man, da kashin ragon, da fetur ɗin da ke tsatsafowa daga inji, duk suka zama kunu ɗaya mai ɗumi yana kai da komo a ƙasan jirgin. A ciki nake zaune. Idan jirgin ya hau, kunun ya gangaro mini cinya. Idan ya sauka, ya tafi ya wanke buhun shinkafa ya dawo. Na yi amai a bayan ragon, ragon ya juyo ya goge bakinsa a ƙirjina.

"Kwarfe ruwan!" Kawu ya daka mini tsawa.

Da tukunyar shinkafar na kwarfe, don ita ce kusa.

Da muka hango tudun rairayin, babu jirgi ko ɗaya. Igiyoyi ne kawai ke wanke shi. Kawu ya duba hagu, ya duba dama, ya fara shirin juya jirgin. Juyawa ce ta fi tsorata ni. Ya jira manyan igiyoyin suka wuce, ya samu ƙarama, ya murɗa sitiyari da sauri ya ba da wuta. Jirgin ya karkata har ruwa ya shigo ta baki, sannan ya miƙe. A hanyar dawowa ya bi bayan igiya a hankali, bai yarda ya tsallake ta ba.

Mun tarar da sauran a gaɓa, a inuwa, kan darduma, ana shan shayi da shisha. Ashe tun a bakin teku suka ga ruwan ba kyau, suka juyo ta ɗaya gefen. Ba wanda ya tsaya ya yi mana ko alama. Ba wanda ya fita nemanmu.

Mai tumbin ya taso, ya toshe hanci da gefen rawaninsa, yana dariya har da hawaye.

"Ya salam! Ragon dai yana da rai? Yalla, ya usta, yunwa muke ji."

Na jira Kawu ya yi magana. Mutumin da ya dawo da mu da rai daga wannan ruwa, tob ɗinsa ya zama ruwan ƙasa har gwiwa. Sai na ji shi ma yana dariya, har da tafa hannu. Suka ce tunda jikin Kawu ya riga ya ɓaci, shi zai yi fiɗa. Ya naɗe hannun riga ya karɓi wuƙa. Tukunyar nan ɗauraye ta kawai aka yi da ruwan teku, aka ɗora a wuta.

Na ce, "Kawu, ni na tafi."

"Haba ɗana, ka tsaya ka ci nama mana."

Ban tsaya ba. Na taka zuwa titi, wani mai motar ɗaukar kifi ya yarda ya ɗauke ni, amma a baya. A gida matata ta tare ni a ƙofa, ta ja da baya, ta miƙo mini bokiti da sabulu ta ce in gama a tsakar gida kafin in taɓa yarinyar.

Na bar wa Kawu lanshin. Ya ci gaba da zuwa taron shekara da shekaru, kuma duk zuwa shi ke ɗaukar kaya. Mun ci gaba da zumunci, ina ɗinka masa tufafinsa har ya rasu, amma ban ƙara bin sa Abhur ba.