Baba Ba Barci Yake Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba yana tsaron ɗakin jarrabawa, kuma da kunne yake tsaronsa. Zai zauna a bayan aji, ya tuɓe takalmi, ya lumshe ido. Ƙarar takardar amsa daban, in ji shi, ƙarar wadda aka naɗe cikin safa daban. Ɗalibai Kunnen Zomo suke ce masa. Bai gina gida ba, bai sayi mota ba, sunan nan kaɗai ya tara.

Sai ga mijina, mai ɗaukar hoton biki, wai shi ma zai yi fim ɗin barkwanci a kan satar amsa. Na ce, "Malam, ka tsaya inda Allah ya ajiye ka." Ina! Ya je ya durƙusa gaban mahaifina: "Baba, zama kawai za ka yi yadda ka saba." Baba da kunyar suruki, ya amsa.

Ranar ɗauka sau huɗu yana ɓata musu aiki. Da 'yar wasa ta zaro takarda sai ya miƙe ya ƙwace, mijina na ta cewa, "Baba, ai wasa ne!" Da ƙyar suka roƙe shi ya daure minti biyu. Ya zauna ido a rufe, yana cije leɓe.

Minti biyun nan mijina ya ɗora wa sautin minshari a fim ɗin. Minshari fa, jama'a!

Fim ɗin ko kasuwa bai yi ba. Ranar nunawa mu goma sha tara ne a zauren, rabi dangi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mutum ɗaya ya yi dariya, shi ma ina jin tari ne." Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Guntun minsharin ya shiga wayoyin ɗalibai, daga nan ya kai ga shugabar makaranta. Ta kira Baba ta ce iyaye na ƙorafi, ya huta bana.

Na wanke mijina tas, kwana uku ban dafa da shi ba. To me ya gyara?

Ranar jarrabawa na kai wa Baba abinci, ba ya gida. A bayan makaranta na same shi, zaune kan dutse ƙarƙashin tagar ajin, takalmansa a gefe, ido a rufe. Raina ya ɓaci, har na rasa da wa zan yi faɗa.

"Baba, don Allah tashi mu tafi."

"Layi na uku," ya ce a hankali, "ta jikin bango. Yanzu ta warware takardar." Ya buɗe ido ya dube ni. "Wa zan gaya wa?"