Baƙo Mai Sanƙo a Shagon Aski

A shagon askin Delmar da ke wani gari a jihar Kentucky ta Amurka, ana ta musu kan 'yan ƙwallon kwandon jami'ar garin. Wani dogon baƙo yana zaune a kusurwa, kansa ƙwal, ba abin askewa. Duk sanda aka ambaci Tyrell, ɗan wasan da jifansa daga nesa ba ya kuskure, sai ya yi rubutu a ɗan littafinsa.

Delmar yana satar kallonsa ta madubi. Anya ba wata jami'a ce ta turo shi ya janye musu gwaninsu ba?

"Bawan Allah, aski za a yi?"

"A'a, hira nake sha."

Delmar ya ɗaga murya. "Tyrell ɗin me? Gajere ne, ga ciwon gwiwa!"

Baƙon ya yi murmushi. Wannan kam bai rubuta ba.