Ranaku Uku na Rasuwar Bulus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bulus, abokin ɗakina a unguwar Najma, kuma har bara iyalinsa ba su daidaita a kan ranar da za su riƙa tunawa da shi ba. Ba wai an manta ba ne. Ranakun ne suka yi yawa.

Mutumin Wusasa ne, Kirista, dogo, mai yawan tsokana. Gadi muke yi a kamfani ɗaya a nan Doha, mu shida a ɗaki, shi kaɗai ne ba Musulmi ba. A ƙasar nan Lahadi ranar aiki ce, don haka muka yi yarjejeniya: ni in tsaya masa a ƙofa ranar Ista, shi kuma ya tsaya mini ranar Sallah. Da farko na ɗauka Ista kamar Kirsimeti take, rana ɗaya tak kowace shekara. Ashe yawo take yi, yau tana Maris, gobe tana Afrilu. Na ce masa, "Kai Bulus, ku ma duban wata kuke yi ashe?"

Ya yi dariya ya ce gado suka yi. A addininsu, in ji shi, abin da suke tunawa ya faru ne lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda ake farawa idan watansu na bazara ya cika. Shi ya sa coci ke jiran dare da rana su daidaita a Maris, sai wata ya cika, sai a ɗauki Lahadin da ta biyo baya. Su Yahudawa kuwa, bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata guda, don kada idin ya bar bazara. "Ku naku watan sakinsa kuka yi," in ji shi, "mu namu da igiya a wuya."

Ya rasu ranar Asabar, jajibirin Ista, da hantsi. Zuciya ce, in ji likita. Takardar asibiti ta ce ƙarshen Maris. Mu 'yan ɗaki a lissafinmu tsakiyar Rajab ne, kuma da Rajab muka riƙe. Matarsa Saratu kuwa ba ta san wata rana ba sai Asabar ɗin Ista.

A shekarar farko ranakun uku ba su yi nisa da juna ba, babu wanda ya damu. Daga nan kowacce ta kama hanyarta. Rajab ya yi ta ja da baya har ya kai sanyin Janairu, mu kira Saratu mu yi mata gaisuwa, ta amsa da ladabi, ta ce ai da saura. Yayansa, Baba Ayuba, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya kafe a kan takarda. Sai ya zama addu'a biyu ake yi a gida ɗaya, dangin miji su yi tasu, Saratu ta yi tata, kowa na ƙin zuwa ta ɗan'uwansa. Da Bulus zai leƙo, na san abin da zai ce: mutum ɗaya, mutuwa ɗaya, amma ana dafa masa shinkafa sau biyu. Sai dai ba na jin zai yi dariya idan ya ga 'yarsa Rahila ta daina shiga gidan baffanta saboda haka.

Bana Rahila ce ta kira ni. Aurenta ya matso, kuma Baba Ayuba ne zai ba da ita, ga shi ba ya magana da uwarta. Ta haɗa mu a waya mu huɗu, ni da ita da uwarta da Baba Ayuba, ina zaune a bakin teku a garin Wakra ranar hutuna. Ta ce, "Kawu Sani, kai ne kake wurin. Ka faɗa mana wace rana ce."

Na ce ni ba alƙali ba ne, kuma ba addinina ba ne balle in yanke. Abin da na gani kawai zan faɗa. Da safen nan Bulus guga yake yi. Farin kaftaninsa ya shimfiɗa a kan gado, wanda zai sa gobe zuwa coci, yana ta yi mini tuni kada in makara a ƙofa. Ban ji ya ambaci Maris ba, ban ji ya ambaci kwanan wata ba. Gobe kawai yake ta faɗa. Yana cikin haka ya dafe ƙirji ya zauna. Kafin in tuna da dutsen guga, ya riga ya ƙona gaban rigar.

Sai Baba Ayuba ya yi gyaran murya ya ce, "To. A bar wa Saratu ranarta. Za mu zo."

A Najma babu abin da ya rage na Bulus. Gadonsa ya ga mutum uku bayansa, kamfanin ya canja hannu, sababbin masu gadi ba su san sunansa ba. Abin da ya bari yana Wusasa: mata, 'ya, da gidan da ya koma cin abinci a tukunya ɗaya. Ina kewarsa, ba zan ɓoye ba.

Kafin a kashe waya Saratu ta yi magana, a hankali. Ta ce rigar tana cikin akwatinta tun ranar da muka aika kayansa. Shekara bakwai tana kallon ƙunar nan tana mamaki, don tun da ta auri Bulus bai taɓa ƙona riga ba, kuma ta rasa wanda za ta tambaya.