Ɓauren da Ke Cikin Randa

Ko da tsufa zai cinye mini komai, ba zai cinye ranar da Baba ya ba ƙanena ɓaurensa ba. A Garwa ne, zamanin da Jamusawa ke gina barikinsu a kan tudu.

Ɓauren nan a cikin wata tsohuwar randa mai huda a gindi yake zaune. Baba ya taho da reshensa daga gidan kakanmu na Kano, kuma wallahi yadda yake lallaɓa shi, ni ɗansa na fari ban samu rabin haka ba. Ya zuba masa kashin awaki da toka, ya ja shi inuwa in rana ta yi zafi. Kafin damina kuma ya zare shi daga randar, ya rage masa saiwa da wuƙa.

Rannan da hantsi ya kira mu biyu, ya miƙa wa ƙanena wuƙar. "Daga yau kai ne mai shi. Zo in nuna maka inda ake yankewa."

Kai! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni nake ɗebo ruwan daga Binuwai, ni nake kama randar in za a matsar da ita, amma yaron da ko buta bai iya riƙewa da kyau ba shi aka zaɓa. Na daina cin tuwo kwano ɗaya da shi. In ya ce, "Yaya, dubi sabon ganye," sai in ce, "Ganye kawai? Na zaci ya haifi zinariya." Kishi nake, ba na ɓoyewa, har Inna ta ce fuskata ta fi tsamiya tsami.

Da damina ta tsaya na kasa haƙuri, na tari Baba a zaure. "Me na yi maka ka fifita shi?"

Sai ya miƙe. Ya ja hannuna zuwa bayan rumbu, ya nuna mini wani ɗan reshe da ya kafa a ƙasa, har ya yi toho. "Wannan naka ne. Mai zama a ƙasa ake dasa masa. Na randa kuwa na mai tafiya ne, haka ubana ya yi mini. Ƙanenka zai bi ayarin kawunku zuwa Tibati, can zai zauna."

Da kaka suka tashi. Ni na ɗaure randar a bayan jaki, ina jan igiya ina kuka, shi kuma yana ce mini, "Yaya, a hankali, za ka karya reshen." Daga baya yaƙin Turawa ya toshe hanya, ban ƙara ganinsa ba.

Yau a inuwar nawa ɓauren nake zaune. Tun daga lokacin, in na ga an ba wani abin da raina yake so, sai na fara tambayar me aka ɗora masa tare da shi. Wata da watanni na yi ina gaba da ɗan'uwana a kan guzurin rabuwarmu.