Talatin da Takwas Iri Biyu Ne

A garinmu in bindigarka ta yi ciwo, wurin Verna Hruska za ka kai ta, kuma ka tafi da shirin shan faɗa. Ni Merle Kucera na yi shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a wannan yanki na jihar Nebraska ta Amurka, babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, amma ban ga mai baki irin nata ba. Gaskiya ɗaya ce, ban kuma ga mai hannu irin nata ba.

'Yar maƙeri ce. Ubanta ya so ɗa namiji, Allah ya ba shi 'ya'ya mata huɗu, sai ya ɗauki babbar ya zaunar da ita a maƙera. Ta girma ta auri Emil Hruska, wanda ya buɗe shagon gyaran bindiga a garejin bayan gidansu. Sunan Emil ne a jikin allo, amma kowa ya san yadda aka raba aikin: Emil hira da baƙi, Verna magagari da guduma. Da ya rasu ba ta sauke allon ba, wai fentin bai gama aikinsa ba. Ita ko zomo ba ta taɓa harbi ba. Ranar Asabar ta gasa burodin zaƙi irin na kakanninmu 'yan Bohemiya ta ƙasar Turai, ranar Lahadi ta rera waƙa a coci da murya kamar ƙofar rumbu, kuma ba wanda ya isa ya ce ta rage.

A kakar 1994 na kai mata bindigar fistol ta wana Lyle, wata uku bayan mun binne shi. Tsohuwa ce ta sojan Sifaniya, doguwa kamar guntun bututun famfo. Lyle ya ga tallarta a mujalla a 1962, lokacin da ake gwanjon irin waɗannan kaya, kuma ni da hannuna na kai masa ƙunshin har gona. Da ita yake zagayen shinge, da ita yake harbin gwangwani ranar Lahadi da yamma. Ita kaɗai ya ce a ba ni. To, kewa ta ishe ni wata rana, na sayo harsashi na zagaya bayan rumbu. Harbi shida lafiya. A na bakwai ta yi mini harbin jaki a tafin hannu, wani ɗan ƙarfe ya wuce ta gefen kunnena, katakon mariƙinta ya tsage, ta ƙage ƙam. Abin da Lyle ya riƙe shekara talatin da biyu, ni na lalata shi a yini ɗaya.

Verna ta warware tawul ɗin da na naɗo ta ciki, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta dubi hannuna tukuna.

"Yatsunka goma?"

"Goma."

"Ba wayonka ba ne. Me ka ɗura mata?"

"Harsashinta mana, mai lambarta. Talatin da takwas. Ga shi nan a rubuce a jikinta, ko tabaran naki ne ya tsufa?"

"Kawo kwalin, sarkin karatu."

Na miƙa mata. Ta zaro ɗaya, ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani, ta jera su a gabana. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Ko uwarsu ba za ta bambance su ba.

"Kama da wane ba ta wane," in ji ta. "Talatin da takwas ɗin da aka rubuta a jikinta na zamanin kakanka ne. Daga baya aka fito da sabo, riga ɗaya, amma albarushin cikinsa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Shi ka sayo. Nata na ainihi ana ce masa lamba tara mai tsawo, na Sifaniya. Kada kuma ka je kanti ka ce a ba ka tara, don akwai gajera, ita ma ba tata ba ce."

Nan zuciyata ta hau. Ni mutum ne da ba na son a mai da ni yaro.

"Haba Verna! Shekara ashirin da shida, kowace Kirsimeti, irin wannan kwalin nake ba Lyle. Me ya sa ba ta taɓa fashe masa ba?"

Ta ture harsasan biyu gefe. Sannan ta dafa gwiwa ta sunkuya, ta buɗe kabad ɗin ƙarƙashin tebur. Kwalaye ne jere, wasu har da jan zaren da nake ɗaure su da shi, da 'yar takarda mai rubutun hannuna. Ba wanda aka taɓa cire ko harsashi ɗaya a cikinsa.

"Duk Janairu yakan shigo ya ajiye naka, ni kuma in ba shi nata na ainihi."

"To me ya hana shi faɗa mini?"

"Na ce ya faɗa maka. Ya ce shekarar farko mil sittin ka yi cikin ƙanƙara ka sayo, kuma ya ga fuskarka lokacin da yake buɗewa. Shekara ta biyu ya ce ai an makara. Na ce masa wannan shirun wata rana sai ya cire wa wani yatsu. Wawaye biyu, uwa ɗaya uba ɗaya." Ta cire tabaran ta goge da gefen riga. "Da ni uku. Ranar jana'iza ya kamata in ja ka gefe, sai ban yi ba."

Na zauna a kan tsohuwar kujerar Emil na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ta bar ni na yi abina, ta ɗora buta, ta turo mini burodi.

"Za ta gyaru?" na tambaye ta.

"Ban sani ba. In gangar jikin ta tsage, sai dai ka rataye ta a bango. Ba na toshe tsaga in miƙa wa mutum."

A gabana ta kwance ta ɗaya bayan ɗaya. Ta rataye babban ƙarfen saman da zare, ta ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma, ta kara kunne. Ƙarfe mai tsaga ba ya waƙa, in ji ta, haka ubanta ya koya mata. Wannan kuwa ya yi ƙara siririya mai tsawo. Duk da haka ba ta yarda da kunnenta kaɗai ba, sai da ta shafa masa wani jan ruwa ta bi shi da gilashi lungu-lungu. Abin da ya wuce ta kunnena ƙugiyar da ke fizgo kwanson harsashi ce. Ba a samunta ko'ina, don haka ta zauna ta goge wata da magagari. Sifirin ɗin cikinta ma ya lalace, ta aika aka kawo sabo daga gabashin ƙasar. Katakon mariƙin na ce a sake, ta ce in rufa mata baki, gumin hannun Lyle ne ya baƙanta shi, ta liƙe shi yadda sai ka duba sosai za ka ga layin.

Mako uku ina zuwa kullum da safe, wai shan kofi. Har darasi na sha. Tsohon harsashin gwanjo, in ji ta, yana barin gishiri a cikin bututu, duk ranar da aka harba shi sai an bi da ruwan zafi, in ba haka ba tsatsa ta cinye. Da butar kofinmu take wankin, na yi ƙorafi, ta ce ban mutu ba tukuna.

Ranar gwaji muka fita bayan gari da safe, iska na kaɗa karan masara. Verna ba ta fara harba bindigar da ta gyara da hannu. Ta ɗaure ta tam a jikin tsohuwar tayar tarakta, ta ƙulla doguwar igiya a kunamar bindigar, muka laɓe bayan damin ciyawa. Ta ja. Tau! Kwanso ya yi tsalle ya faɗi gefe. Sau biyar tana ja, sau biyar tana zuwa ta ɗauki kwanson ta jujjuya shi a gaban ido, tana neman kumburi. Ba ta samu ba.

Sannan ta kwance ta, ta sa harsashi ɗaya, ta ɗora gwangwani a kan turken shinge, ta miƙo mini.

Na saita da kyau, na riƙe numfashi, na danna. Ƙura ta tashi can hagu, kusan taku biyu daga turken. Gwangwani ko motsi bai yi ba. Na juyo ina shirin ɗora wa iska laifi, sai na ga Verna tana dariya har da riƙe ciki, idonta ya ciko.

"To yanzu na yarda ta gyaru," in ji ta. "Daidai wurin nan take jefa wa Lyle. Shekara talatin bai taɓa samun gwangwanin nan ba, ya hana ni faɗa maka."

Na ce ta ƙaro mini harsashi.