Sandunan Gindin Tsamiya

Wai an ce wata Talata jirgi mai saukar ungulu ya dira a bayan Kasuwar Shanu ta Potiskum, Turawa biyu da Balarabe ɗaya suka fito da takarda mai hatimi, suna neman Bubayaro ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ya sasanta ƙasashen da ke harbin juna. Wai ya ce su dakata ya gama shayar da shanu. Wai har yau suna nan suna jira, matuƙin jirgin ma ya yi aure a unguwar Dogo Nini.

To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce, domin a bakina ta fara fitowa, kuma a lokacin Bature ɗaya ne tal, sauran a teburin mai shayi aka ƙara su. Bubayaro taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka tsokanarsa gadona ce. Amma maganar sasanta ƙasashe tana da ɗan ƙamshin gaskiya, ga yadda aka yi.

Bubayaro ba ardo ba ne, ba dillali ba ne, ko ɗan maraƙi bai mallaka ba. Ubansa ya taɓa zama mai garke, annoba ta share shi a damina guda, abin da ya bar wa ɗansa sanda ce kawai, wadda hannu ya goge har tana sheƙi. Da ita ya shigo gari yana saurayi, siriri kamar a hura shi ya faɗi. Ya yi lodin shanu a tirela har wani bajimi ya sauke shi daga mota ba tare da tsani ba. Tun daga nan yake ɗingishi, kuma tun daga nan ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba shi tsaron kwamin da ake shayar da shanu, da makullin injin da ke jawo ruwan. Shekara goma sha tara ke nan. Magana kuwa, idan ya yi jimla uku da safe, ya gama na ranar.

A wannan kwami akwai ƙa'ida da ta girme mu duka. Duk makiyayin da ya iso, daga Nijar ne, daga Chadi ne, ko daga nan bayan gari, sai ya ajiye sandarsa a gindin tsamiyar da ke wurin, bayan ta wanda ya riga shi. Yadda sanduna suka jeru, haka garkuna za su sha. Ba mai taɓa sandar wani, ko Bubayaro bai isa ba. Ka zagi mutum a wurin nan, wataƙila a yi dariya a wuce. Ka taɓa sandarsa, ka taɓa shi da ubansa da kakansa. Abu ɗaya aka yarje wa mutum: ya ja tasa baya da hannunsa, idan ya ga dama. Gaba kuwa, ba hanya.

Sai aka zaɓi sabon shugaban ƙungiya, Alhaji Zakari na unguwar Hausari, jikan fataken Kano. Mutumin kirki ne, ba na cin namansa, sai dai ya je wani taron bita na kwana uku ya dawo da kai cike da tsari. Ya buga katuna masu lamba, ya ce daga yanzu layi da kati ne, zamanin sanda ya wuce.

Ranar da abin ya faru ita ma Talata ce, jajibirin kasuwa, tsakiyar bazara, ranar da ƙadangare ke neman wanda zai yi masa fifita. Bubayaro ya tafi sayo man inji da hantsi. Kafin ya dawo, Alhaji Zakari ya zo da katunansa, ya ga sanduna goma sha ɗaya a ƙasa, ya sunkuya ya tattare su kamar itacen girki, ya jingine a cikin rumfa, ya ce kowa ya zo ya karɓi lamba.

Da Bubayaro ya iso da jarka a kafaɗa, bai ji ihu ba, shi ya fi tayar masa da hankali. Makiyaya sun kasu gida biyu, kowa ya juya baya. Can gabas ga Mahdi, dattijon da ya koro garke daga wajen Chadi, rawaninsa ya rufe baki, idanu kawai ke ci da wuta. Can yamma ga Babaji, jagoran mutanen Nijar, yana taunar asuwaki kamar shi ya yi masa laifi. A tsakiya ga Alhaji Zakari da katunansa, gumi na bin wuyan babbar riga. Shanu kuwa sun ji ƙamshin ruwa suna ta kuka, maruƙan Mahdi har sun fara durƙushewa, domin rabonsu da ruwan kirki kwana biyu.

Mahdi ya ce da shi da Hausarsa mai nauyi, "Bubayaro, mu za mu tafi. Ba mu sha ruwan inda aka kwashe mu kamar shara."

Bubayaro ya dubi maruƙan. Ya san hanyar da za su bi, ya san ba wani ruwa sai bayan tafiyar yini. Idan Mahdi ya kora su cikin wannan rana, rabinsu ungulu za ta gada. Kuma ya san dattijon zai kora ɗin, ya yi kukansa daga baya. A ransa ya ƙudura cewa ko za a kwana ana abu ɗaya, garken nan ba zai bar gindin tsamiya da ƙishirwa ba.

Abin da ya fara yi, ya rufe ɗakin inji, ya jefa makullin a aljihu.

Alhaji Zakari ya ce, "Kai Bubayaro, me ke nan? Shanuna na can suna jira!"

"Na kowa ma suna jira, Ciyaman."

"Ka san ni ke da ikon karɓe makullin nan?"

"Na sani. Zo mu shiga inuwa ka karɓa."

Wannan ita ce dabararsa tun fil azal: ba ya barin masu faɗa su yi magana a tsaye, kuma ba ya bari su yi ta a gaban jama'a. Ya ja Alhaji bayan rumfa, ya kife masa bokiti ya zauna.

Alhaji ya ce, "Ni fa gyara na zo yi. Kullum ana ce mana kasuwarmu ba tsari. Yanzu so kake in tsaya gaban mutane in ce na tuba, saboda itace?"

"Ba wanda ya ce ka buɗe baki. Hannun da ya ɗauka shi ke mayarwa, shi ke nan. Da hannu biyu."

"Katunan fa? A jefar?"

"A ajiye kowane kati a ƙasa, gefen sanda. Kai ka ga lambarka, su su ga sandarsu."

Alhaji ya yi wata magana a kan taurin kan mutanen daji wadda ba zan rubuta ba. Bubayaro ya bar ta nan bayan rumfa, ya ɗingisa ya nufi gabas. Ya durƙusa gaban Mahdi ya gaishe shi tun daga gajiya har lafiyar na gida, kamar ba abin da ke ƙonewa.

"Baba, Ciyaman ya ce gyara ya zo yi, bai san nauyin abin ba. Zai mayar da hannunsa."

"Ya ce bai sani ba?"

"Ɗan birni ne, Baba. Ubansa da sikeli ya bar shi, ba da sanda ba."

Mahdi shi ma ya saki tasa maganar a kan 'yan birni, mai zafin da za ta dafa ƙwai. Ita ma Bubayaro ya haɗiye ta. Ni da nake laɓe ina kallo, sau bakwai na ƙirga ya ratsa filin nan da gurguwar ƙafarsa, gabas, yamma, bayan rumfa. Kowa ya loda masa garwashi, shi kuma ya isa ɗaya gefen da ruwan sanyi. Bai yi wa kowa ƙarya ba, zaɓe kawai yake yi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Daga ƙarshe Alhaji Zakari ya fito rungume da sanduna. Nan kuma sabuwa ta ɓullo: wa ke gaba? Jeri ya rushe. Babaji ya rantse tun asuba ya ajiye tasa. Mahdi ya ce shi da ya iso ko tsuntsu bai farka ba. Gaskiyar magana, Bubayaro ya sani, Babaji ne ya riga, da ɗan abin da bai kai shan shayi ba. Idan ya faɗa, Mahdi zai ji an kwashe shi sau biyu a rana ɗaya, ya tafi. Idan ya ɓoye, ya ci amanar tsamiya, gobe ba mai yarda da shi.

Sai ya faɗa. "Ta Babaji ce farko. Ta Baba Mahdi ke bi mata."

Alhaji ya sunkuya ya ajiye su haka, da hannu biyu, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha ɗaya, kati a gefen kowace. Mahdi ya gyara rawani ya juya zai ba da umarnin a kora.

Bubayaro bai bi shi ba. Ya kama hannun Babaji ya ce, "Kawu, kai ka fi ni sanin dabba. Zo ka duba mini wani maraƙi, ban gane kansa ba."

Ya kai shi tsakiyar garken Mahdi. Babaji ya tsuguna gaban wata 'yar maraƙa ja, ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya buɗe mata ido ya duba. Ya daɗe a tsugune. Bubayaro ya tsaya yana kallon sama kamar mai neman hadari a watan da ba a yi.

Babaji ya miƙe, ya tofar da asuwakin, ya taka har gindin tsamiya. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, ya mayar da ita bayan ta Mahdi.

Ya ce, "Ba don kai ba, tsoho. Don jar nan."

Mahdi ya tsaya cak. Can ya ce, "Jar ta gode. Ni ban gode ba."

"Wa ya tambaye ka?"

Aka fashe da dariya, har mutanen da ɗazu suke shafa wuƙa a ƙugu. Bubayaro ya buɗe ɗaki ya tayar da inji, ruwa ya kwararo, maruƙan suka taso suna tangaɗi.

Saura Alhaji Zakari, wanda shanunsa ba su da wuri a layi, don bai taɓa mallakar sanda ba. Bubayaro ya shiga rumfa ya fito da ta ubansa, wadda ko ni bai taɓa bari na riƙe ba, ya miƙa masa.

"Ara, Ciyaman. Ka ajiye da kanka."

Alhaji ya juya ta a hannu, ya dubi layin, ya je can ƙarshe ya ajiye, ya sa kati mai lamba goma sha biyu a gefe. Shanunsa ba su sha ba sai bayan la'asar, yana tsaye yana jira tare da kowa. Makullin kuwa bai sake tayar da maganarsa ba. Yanzu ma ya sayi tasa sandar, har da kwalliyar fata, yana riƙe ta kamar mai riƙe da biro.

Kwanan baya na sami Bubayaro yana wanke kwami, na ce, "Ranka ya daɗe, Sakataren Duniya! Ƙasa uku ka sasanta a yini guda da ƙafa ɗaya da rabi. Yaushe jirgin zai tashi, in riƙe maka jaka? Amma ka ga, shekara talatin ka kasa sasantawa da ni."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Waɗancan suna da shanun da suke tsoron rasawa, shi ya sa suka ji magana. Kai me ka ajiye ban da baki? Ɗauki shebur ka kwashe kashin can, in ka gama ka sa harshenka a layi, bayan jakuna."